Wane Harsashi Ya Dace da Sabon Maharbi? Darasin Kimiyya Daga Dajin Farauta

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar sanyin watan Nuwamba ya kama a ƙasar Amurka, miliyoyin mutane sukan saɓa bindigoginsu su nufi daji domin farautar wata irin barewa mai farar wutsiya. Gwamnatocin jihohi ne ke yanke ranar buɗe farautar da ranar rufe ta, su ne kuma ke ƙayyade yawan dabbobin da kowane mai lasisi zai harba. A cikin waɗannan mafarauta akwai samari da 'yan mata da yawa waɗanda wannan ce fitarsu ta fari. Kafin irin wannan sabon maharbi ya sa ƙafa a daji, akwai wata tambaya da dole ya amsa a kantin sayar da bindigogi, inda zai tarar da harsasai iri-iri jere a kan kanta, kowanne da lambarsa: .243, .270, .308, .30-06, .300 Magnum da sauransu. Wanne zai ɗauka?

Yawancin sababbin shiga sukan ɗauka cewa amsar a fili take, wato wanda ya fi girma da ƙarfi shi ya fi. Tsofaffin hannu kuwa sun daɗe da sanin cewa wannan zato shi ne mafarin yawancin harbin da ke kuskure. Kuskuren kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin dabbar da aka harba a ciki ko a ƙafa ba ta mutuwa nan take. Takan ɓace cikin daji ta yi kwanaki tana shan azaba, a yi asarar rai, a yi asarar nama.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi wannan tambaya da ma'aunin kimiyya. Mai karatu zai ga cewa dokokin motsi da ake koyarwa a ajin Fiziks na sakandare sun isa su warware ta.

Me Lambobin Nan Suke Nufi?

Kalmar kaliba tana nufin faɗin ramin bututun bindiga, ko kaurin harsashin da ke bi ta cikinsa. Amurkawa da Ingilishi sukan auna shi da inci, sauran ƙasashen Turai kuma da milimita. Sai dai sunayen harsasai ba bisa ƙa'ida ɗaya aka raɗa su ba, kowanne da tarihinsa.

Alal misali, .30-06 Springfield yana nufin kaliba mai faɗin kashi 30 cikin 100 na inci, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a shekarar 1906. A .30-30 Winchester kuwa, wanda ya fito a 1895, lamba ta biyu nauyin albarushin da ke ciki take nunawa. Shi 6.5x55 na ƙasashen Suwidin da Norwe, wanda aka karɓa a 1894, ya bi tsarin Turai: lamba ta farko kaliba ce, ta biyu tsawon kwanson, duka a milimita. 7mm-08 Remington na 1980 kuma kwanson .308 ne aka matse bakinsa ya riƙe harsashi mai milimita 7.

Abin lura a nan shi ne kaliba kaɗai ba ta faɗin ƙarfin harbi. .308 Winchester na 1952, da .30-06, da .300 Winchester Magnum na 1963, duk kaurin harsashinsu ɗaya ne, wato milimita 7.82. Bambancinsu yana ga girman kwanso. Na farko yana cin albarushi kimanin giram 3, na biyu kimanin giram 3.6, na uku kuwa ya doshi giram 5. Saboda haka ne ake buga sunan harsashin kowace bindiga a jikin bututunta, kuma ba a sa mata wani dabam ko da ya yi kama da nata, domin yin haka yana iya tarwatsa bindigar a fuskar mai ita.

Abin da Ke Faruwa Cikin Bututu

Idan maharbi ya ja kunama, wata 'yar ƙusa ce ke dukan gindin kwanso, ta tayar da tartsatsin da ke kunna albarushi. Albarushin zamani, wanda wani masanin Faransa mai suna Paul Vieille ya ƙago a 1884, ba ya hayaƙi irin na bindigar toka. Yakan ƙone ya zama iska mai tsananin zafi, wadda matsinta kan kai kimanin ninki 4,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Wannan matsi shi ke ingiza harsashi, ya fice daga bakin bindiga cikin abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, da gudun mita 800 zuwa 900 a daƙiƙa guda. Sauti kansa mita 340 kawai yake yi a daƙiƙa, don haka harsashi kan riga ƙararsa isa.

Babban abin da ya raba raiful da bindigar tokar da mafarautanmu suka gada shi ne wasu zane-zane da aka sassaƙa a cikin bututu, masu murɗewa kamar igiya. Su ne ke kama harsashi su juya shi. A yawancin bindigogin .30-06, harsashi yakan yi juyi ɗaya a kowane inci 10, wato santimita 25.4. Idan muka raba gudun mita 823 da wannan tsawo, za mu sami juyi fiye da 3,200 a daƙiƙa guda. Duk yaron da ya taɓa wasa da katantanwa ya san cewa muddin tana juyi da sauri ba ta faɗuwa. Haka shi ma harsashi, juyin ne ke riƙe tsininsa a gaba har ya isa inda aka nufa.

Makamashin Harsashi

Ɗalibai sun san cewa makamashin abu mai motsi shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa, kuma da jul ake auna shi. Mu ɗauki harsashin .30-06 mai nauyin giram 11.7, wato kilo 0.0117, da gudun mita 823 a daƙiƙa. Lissafin zai ba mu kimanin jul 3,950. Wannan daidai yake da a sako buhun siminti mai kilo 50 daga bene mai tsawon mita 8.

Ga yadda sanannun harsasai suke idan aka jera su. Alƙaluman na irin harsasan da aka saba sayarwa ne, an kuma daidaita su domin sauƙin lissafi. Na ƙarshe a kowane layi shi ne turin da bindiga mai nauyin kilo 3.6 za ta yi wa kafaɗar maharbi, wanda za mu yi bayaninsa nan gaba.

.243 Winchester: giram 6.5, mita 900 a daƙiƙa, jul 2,630, turi kimanin jul 12.
6.5 Creedmoor: giram 9.1, mita 825, jul 3,100, turi kimanin jul 16.
7mm-08 Remington: giram 9.1, mita 860, jul 3,350, turi kimanin jul 18.
.308 Winchester: giram 9.7, mita 860, jul 3,600, turi kimanin jul 20.
.270 Winchester: giram 8.4, mita 930, jul 3,650, turi kimanin jul 21.
.30-06 Springfield: giram 11.7, mita 823, jul 3,950, turi kimanin jul 27.
.300 Winchester Magnum: giram 11.7, mita 900, jul 4,740, turi kimanin jul 36.
.375 H&H Magnum: giram 19.4, mita 770, jul 5,750, turi fiye da jul 50.

Idan mai karatu ya duba da kyau zai ga wani abin mamaki. Daga .243 zuwa .300 Magnum makamashin harsashi bai kai ga ninkawa biyu ba, amma turin da maharbi zai sha ya ninka har sau uku. Wato duk ƙarin ƙarfin da mutum ya saya, da kafaɗarsa zai biya, kuma farashin yana hawa fiye da kayan.

Turin Bindiga da Dokar Newton

A cikin littafinsa na 1687, Isaac Newton ya nuna cewa duk lokacin da wani abu ya tura wani, shi ma na biyun yana tura na farkon da ƙarfi daidai wa daida, amma ta fuskar da ta saɓa. Iskar da ke ingiza harsashi gaba, ita ce ke ingiza bindiga baya. Abin da ke daidaita tsakanin ɓangarorin biyu shi ne abin da masana ke kira momantam, wato nauyin abu sau gudunsa.

Mu koma ga .30-06. Nauyin harsashi, kilo 0.0117, sau gudun mita 823, ya ba da 9.6. Albarushin da ya ƙone shi ma yana da nauyi, giram 3.6, kuma iskarsa tana fita da gudun da ake ƙiyastawa a kan mita 1,200 a daƙiƙa, wanda ya ƙara 4.3. Jimla ta kama 13.9. Idan aka raba wannan da nauyin bindiga, kilo 3.6, za a ga cewa bindigar tana dawowa baya da gudun kusan mita 3.9 a daƙiƙa. Makamashin wannan dawowa shi ne kimanin jul 27, kwatankwacin a sako dutse mai kilo 3.6 a kan kafaɗar mutum daga tsawon santimita 75.

Wannan lissafi yana koya mana abu biyu. Na farko, nauyin bindiga garkuwa ne ga mai ita. Idan bindigar nan ta kai kilo 4.1, turin zai sauko zuwa jul 24, idan kuma aka rage ta zuwa kilo 3 zai haura jul 32. Iyaye da yawa sukan saya wa yaro bindiga marar nauyi don tausayi, ba su san sun ƙara masa duka ba.

Na biyu, abin da ake nunawa a finafinai, inda harsashi kan ɗaga mutum ko dabba ya yi jifa da ita, ƙarya ce tsagwaronta. Idan harsashi mai momantam 9.6 ya shiga jikin barewa mai kilo 70 ya tsaya a ciki, gudun da zai ba ta bai wuce santimita 14 a daƙiƙa ba. Da a ce harsashi yana iya kayar da dabba da ƙarfin turi, to da bindigar ta riga ta kayar da maharbin.

Zabura, Ciwon Sabon Maharbi

To, mene ne laifin turin jul 27 ko 36, tun da ba ya karya ƙashi? Laifinsa yana ga ƙwaƙwalwa. Jikin ɗan Adam yana da saurin koyon kauce wa abin da ke cutar da shi. Idan mutum ya yi harbi sau biyar ko goma, kowane harbi yana zuwa da duka a kafaɗa da ƙara mai tsanani a kunne, sai jikinsa ya fara shirya wa dukan tun kafin ya zo. Ido yakan runtse, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Duk wannan yana faruwa ne kafin harsashi ya tashi, kuma mai yin sa bai san yana yi ba.

Malaman harbi suna da dabarar tona wannan ciwo. Sukan cusa harsashin wasa, marar albarushi, a cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya sani ba. Idan ya ja kunama a kan na wasan, babu ƙara babu turi, amma sai a ga bakin bindiga ya yi ƙasa da kansa.

Lissafi zai nuna mana girman ɓarnar. Tsawon bindiga daga kafaɗa zuwa baki kimanin mita ɗaya ne. Idan bakin ya goce da milimita ɗaya tak, a nisan mita 100 harsashi zai goce da santimita 10. Idan ya goce da milimita 2, a nisan mita 200 kuskuren ya zama santimita 40. Wurin da ake so a samu a jikin barewa kuwa, wato zuciya da huhu, faɗinsa bai wuce santimita 20 zuwa 25 ba, kamar faifan rufe ƙwarya. Wannan ne ya sa marubuta da yawa a kan harkar farauta suke ba da shawarar sabon maharbi ya tsaya a turin da bai wuce jul 20 ba, suna kuma ɗaukar na .30-06 a matsayin iyakar abin da yawancin mutane ke iya jurewa ba tare da saitinsu ya ɓaci ba.

Ƙarar ma abin tsoro ce. Ƙarar raiful takan wuce desibel 150, alhali desibel 140 ya isa ya lalata ji a harbi ɗaya. Toshe kunne lokacin koyon harbi yana kare ji, yana kuma rage zabura.

Hanyar da Harsashi Ke Bi

Masu sayar da manyan harsasai sukan yi talla da cewa nasu yana tafiya a miƙe. Babu harsashin da ke tafiya a miƙe. Tun ƙarni na 17 Galileo ya nuna cewa duk abin da aka jefa yana fara faɗuwa ne daga lokacin da ya bar hannu, kuma gudunsa na gaba ba ya hana shi faɗuwa. Nisan faɗuwar shi ne rabin 9.8 sau lokaci sau lokaci.

Harsashin .30-06 yakan kai mita 100 cikin kimanin kashi 13 cikin 100 na daƙiƙa, a lokacin ya faɗi kimanin santimita 8. Kafin ya kai mita 200 ya faɗi fiye da santimita 30, a mita 300 kuma fiye da santimita 80, domin iska tana rage masa gudu, lokacin faɗuwa yana ƙaruwa. Maharba sukan gyara tabaron saiti yadda bakin bindiga zai ɗan kalli sama, harsashi ya tashi ya yi baka ya sauko daidai inda ake so.

Gaskiya ne cewa harsashi mai sauri, kamar .270 Winchester na 1925 wanda marubucin nan Jack O'Connor ya shafe shekaru yana yabo, bai cika lanƙwasa kamar mai nauyi ba. Amma idan aka saita su duka a mita 200, bambancin faɗuwarsu a mita 300 bai wuce faɗin tafin hannu ba. A ƙasa da mita 200 kuwa, wanda shi ne nisan da ya kamata sabon maharbi ya tsaya, bambancin ba abin a zo a gani ba ne.

Me Ke Kashe Dabba?

Dabba tana mutuwa da sauri ne idan harsashi ya ratsa zuciya ko huhu ko manyan jijiyoyin jini. Jini ya zuba, matsinsa ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa iskar oksijin, cikin 'yan daƙiƙoƙi dabbar ta suma. Domin a sami haka ana bukatar abu uku, kuma ga su bisa jerin muhimmancinsu: harsashi ya sami wurin da ya dace, ya nutsa har ya kai ga kayan ciki, ya kuma buɗe hanya mai faɗi.

Nutsawa ta dogara ne a kan yawan nauyin da ke bayan kowane milimita na fuskar harsashi. Kibiya ta fi dutse nutsawa ko da nauyinsu ɗaya, domin nauyinta a jere yake bayan tsini. Tarihi ya ba mu misali. Wani mutumin Sikotland mai suna W.D.M. Bell, wanda ya yi farautar haure a farkon ƙarni na 20 a yankin Karamoja na Yuganda da wasu sassan Afirka, ya kashe giwaye 1,011, akasarinsu da ƙaramar bindiga mai kaliba 7x57. Makamashin harsashinsa kimanin jul 2,750 ne, wato bai fi na .243 da wani abin kirki ba. Amma harsashin dogo ne mai giram 11.2, kuma idan aka raba nauyinsa da faɗin fuskarsa za a sami giram 0.27 a kowane murabba'in milimita, daidai da na .375 H&H, alhali na .243 bai wuce 0.22 ba. Bugu da ƙari, Bell ya riƙa tsaga ƙoƙon kan giwa yana nazarin inda ƙwaƙwalwa take. Irin wannan kisan kiyashi na neman haure yana cikin abubuwan da suka rage giwayen Afirka, kuma ba abin koyi ba ne. Mun kawo shi ne kawai domin ya nuna cewa sanin jikin dabba da iya saiti sun fi yawan jul.

Faɗin hanya kuwa ya dogara ne a kan ginin harsashi. Harsashin farauta yana da bakin dalma mai laushi ko rami a tsininsa, yadda idan ya shiga nama zai buɗe kamar laima, kaurinsa ya kusa ninkawa. Idan ya buɗe da wuri ƙwarai sai ya wargaje a kan ƙashi, idan bai buɗe ba sai ya wuce kamar allura. A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabba da ake kira mus a yammacin Kanada da babbar bindiga mai kaliba .300 H&H, amma harsasan suka kasa nutsawa yadda ya kamata. Da ya koma gida sai ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu da katanga a tsakani: na gaba ya buɗe, na baya ya ci gaba da nutsawa. A 1948 ya fara sayar da shi, har yau kuma ana amfani da shi. Daga baya an ƙera harsasai na zallar tagulla, waɗanda suka ƙara karɓuwa saboda dalma guba ce ga tsuntsayen da ke cin ragowar gawa. Jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma baki ɗaya daga watan Yulin 2019.

Abin da Doka Ta Ce

Ƙasashe da dama sun mayar da wannan lissafi doka. A Ingila, dokar 1991 ta hana harbin manyan barewa da kalibar da ba ta kai .240 ba, ko harsashin da makamashinsa bai kai kimanin jul 2,300 ba. A Jamus, manyan dabbobi irin su aladen daji sai da kaliba mai milimita 6.5 ko fiye, mai sauran jul 2,000 a nisan mita 100. Ke nan .243 ya halatta a Ingila amma bai isa ba a Jamus. A Namibiya an kasa abin uku: jul 1,350 ga ƙananan dabbobi irin gada, jul 2,700 ga manya irin kanki, jul 5,400 ga ɓauna da giwa. Shi ya sa .375 H&H, wanda wani kamfanin Landan ya fitar a 1912, ya zama ma'aunin farautar dabbobi masu haɗari a ƙasashen Afirka da yawa.

Ƙasar Norwe kuwa ta kama bakin zaren ta wajen maharbin kansa. Duk mai son farautar manyan dabbobi sai ya yi harbin gwaji sau 30 a kowace shekara, sa'an nan ya ci jarrabawa: harbi biyar daga nisan mita 100, duka biyar su faɗa cikin da'ira mai faɗin santimita 30.

To, Wanne Za A Zaɓa?

Idan aka haɗa duk abin da ya gabata, amsar ba ta da wuya. Ga barewa mai nauyin kilo 50 zuwa 130 a nisan da bai wuce mita 200 ba, .243 Winchester na 1955, da 6.5 Creedmoor na 2007, da 7mm-08 duk sun wadatar, turinsu kuma yaro ko mace ko duk wani sabon shiga zai iya ɗauka. Biyun ƙarshe sun fi .243 nauyin harsashi da nutsawa, don haka sun fi shi rufa asiri idan harsashi ya ci karo da ƙashin kafaɗa.

Wanda ke son bindiga ɗaya da za ta yi masa har zuwa dabbobi masu kilo 300, kamar wadda Amurkawa ke kira elk, to .308 Winchester ko .270 sun fi dacewa da shi. .308 yana da wata fa'ida kuma, wato ana samun harsashinsa kusan ko'ina a farashi mai sauƙi, kuma harsashi mai araha shi ke ba mutum damar yawan gwaji. .30-06 yana yin duk wannan aiki har da ƙari, amma sai mutum ya gwada ya tabbata turinsa bai sa shi zabura ba. Manyan harsasai masu laƙabin Magnum kuwa a bar wa waɗanda hannunsu ya faɗa. Farautar ɓauna da makamantanta ba ta sabon shiga ba ce ko da wace irin bindiga ya riƙe.

A taƙaice, ƙa'idar ita ce mutum ya ɗauki harsashin da ya isa dabbar da yake nufi, ya cika sharaɗin doka, wanda kuma zai iya harbawa sau ashirin a jere ba tare da ya ji tsoron na gaba ba. Sa'an nan ya yi ta gwaji tun kafin lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu Kuma Fa?

Wani ɗalibi zai ce, ina ruwanmu da wannan, mu da ba mu da lokacin farautar barewa irin na Amurka? Lallai kam, a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mallakar bindiga ba tare da lasisi ba, kuma harbi a gandun daji irin Yankari laifi ne babba. Amma akwai darasi a gare mu.

Wajen shekarar 1900 barewar nan mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka saboda farautar kasuwa marar iyaka. Da aka kafa dokokin lokaci da adadi, aka kuma yi dokar 1937 wadda ke karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa aikin kula da namun daji, sai ta farfaɗo, har yawanta ya kai kimanin miliyan 30 a yau. A namu yankin kuwa, raiful da mota sun haɗu da fari da ƙarancin makiyaya sun share wata farar dabba mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa kamar takobi, wadda a da take yawo garke-garke a sahel ɗin Nijar da Chadi. A shekarar 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji. Sai a 2016 aka fara dawo da ita Chadi daga waɗanda aka kiwata a ƙasashen waje. Bindigar iri ɗaya ce a wuraren biyu. Abin da ya bambanta shi ne ilmi da doka da kamun kai.

Kammalawa

Mun ga cewa tambayar da ta fara a kantin bindigogi ta ratsa ta cikin dokokin Newton da na Galileo, ta shiga ilmin jikin dabba da halayyar ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Mun kuma ga cewa ƙarfin da ya wuce iyawar mai shi ba ya ƙara masa komai sai kuskure. Musulunci ya yi umurni da a wasa wuƙa a sauƙaƙa wa abin yanka, kuma mafarautanmu na gargajiya sun san cewa abin kunya ne mutum ya raunata dabba ya bar ta. Lissafin da muka yi hanya ce ta cika wannan haƙƙi.

Ga malamai da ke son kai wannan darasi aji, ga aiki guda biyu. Na ɗaya, ɗalibai su lissafa turin bindiga mai kilo 4 da ke harba harsashi mai giram 9.7 da gudun mita 860, da albarushi giram 2.9, su kwatanta amsarsu da alƙaluman da ke sama. Na biyu, a ɗora kwabo biyu a bakin tebur, a ture ɗaya ya faɗi tsaye, a ɗalle ɗayan ya yi nisa, duka a lokaci guda. Ɗalibai su rufe ido su saurara, su faɗi ko ƙara nawa suka ji, sa'an nan su bayyana abin da wannan ke nufi ga harsashin da ya bar bakin bindiga.